Ɗaure Dami da Danna Auduga: Yadda Kwamfuta Ke Matse Fayil

Manomin Doguwa ko Tudun Wada ya san bambancin ɗaure dami da danna auduga cikin buhu. Na farko tattarawa ne, na biyu rage girma. Haka abin yake a kwamfuta. A shekarun 1990, faifan filofi da aka fi amfani da shi megabait 1.44 kaɗai yake ɗauka, don haka tilas a matse fayiloli.

Manhajar tar ta 1979 dami kawai take ɗaurewa. ARC ta 1985 ta haɗa ayyukan biyu. LHarc, wadda likita Haruyasu Yoshizaki na Japan ya rubuta a 1988, ta fi ARC matsewa. ARJ ta yi suna wajen rarraba babban fayil kan faifai da yawa. Amma PKZIP ta Phil Katz, ta 1989, ita ta ciri tuta, domin ya bayyana wa kowa tsarinta.

Sirrin matsewa shi ne neman maimaici: in kalma ta sake fitowa, sai a sa 'yar alama a madadinta. Shi ya sa rubutu ke matsuwa ƙwarai, hoton JPEG kuwa, da yake an riga an matse shi, da ƙyar yake raguwa.