BALA MILLER: ƊAN AREWA DA YA KOYO KIƊA A IKKO

Daga Wakilinmu na Arewa, Kafancan

Jama'armu mazauna Kudu, wanda duk ya san Kafancan ya san gari ne na jirgin ƙasa. Ma'aikatan reluwe sun zo da iyalansu, sun kuma zo da kiɗan Kudu, har ya zamana ba a jin hailaif sai da Yarbanci ko Ibo ko Turanci. Cikin waɗanda suka sauya wannan akwai marigayi Bala Miller.

An haife shi a Pankshin cikin 1928, ɗan wani limamin Kirista mutumin Zariya. Kamar yawancinku, shi ma ya yi zaman Ikko: can ya yi makarantar C.M.S., can ya goge da busa, har ya yi kiɗa tare da Victor Olaiya. Ya kuma yi wa kamfanin Nigerian Breweries aiki.

To, da ya komo gida bai tsaya kwaikwayon Kudu ba. A Kaduna ya tara samari, ya horar da su, ya kafa ƙungiyarsa ta Pirameeds, suna rera waƙoƙin Hausa bisa bigila da jita da ganguna. A ganina aikin nan ya fi wuyar da ake zato, domin Hausa tana da karinta. In kiɗa ya murɗe shi, sai ma'ana ta gudu. Ku saurari "Ikon Allah" ku ji yadda ya bi da ita.

Ya rasu cikin 2003.