Kwamfutar Masu Awon Ƙasa A Bagudo: Saye Daban, Riƙo Daban

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga garin Bagudo, ta haye gadar Tuga a kan Kogin Kwara, ta nufi Ka'oje da Tsamiya inda ƙasarmu ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, ya san cewa wannan yanki na Jihar Kebbi ƙasar fadama ce da shinkafa da shanu. Ya kuma san abin da ruwa yake yi idan ya tashi. A damanar 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jihar, Ƙaramar Hukumar Bagudo kuwa tana cikin wuraren da abin ya fi shafa, har hanyar Tuga ta gagari motoci.

Bayan irin wannan masifa tambayoyi sukan taso a ofisoshin gwamnati. Hekta nawa ruwa ya ci? Gonar wa ta nutse, ta wa ta tsira? Wane ƙauye ne ya kamata a tayar daga bakin kogi? A da, ma'aikacin safiyo yakan amsa su ne da sarƙar awo da takalmin roba, ya yi watanni a daji. A yau rabin aikin ya koma cikin kwamfuta. To, amma fa ba kowace kwamfuta ce take iya ɗaukarsa ba, kuma a nan ne ma'aikata da ɗalibai da yawa suke asarar kuɗinsu, wasu don sun sayi wadda ta gaza, wasu don sun sayi wadda ta fi ƙarfin aikinsu.

Akwai wani jinsi na kwamfutar tafi-da-gidanka da aka ƙera musamman domin injiniyoyi da masu zanen gini da masu taswira. Fitattunsu su ne Precision ta kamfanin Dell, da ZBook ta HP, da jerin ThinkPad P na Lenovo. A ido tana kama da ta ofis, sai dai kauri da nauyi, domin manyansu sukan kai kilo uku, ban da caja wadda ita ma kusan bulo ce. Bambancin yana ciki. Ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfutar ofis, wadda 'yan kasuwa suke kira ram, ba ta cika wuce gigabayit 8 ko 16 ba, alhali wasu daga cikin waɗannan suna ɗaukar har 128. Suna kuma da wani sashe na dabam mai sarrafa hoto da zane, galibi na kamfanin Nvidia, wanda yake ɗauke wa ƙwaƙwalwar na'urar nauyin lissafi.

Me ma'aikaci zai yi da wannan ƙarfi a Bagudo? Alal misali, taurarin ɗan Adam na Tarayyar Turai masu suna Sentinel-2, waɗanda aka fara harbawa a 2015, suna ɗaukar hoton wuri ɗaya kusan duk kwana biyar, kowane ɗigo a hoton yana wakiltar mita goma a ƙasa, kuma ana ba da hotunan kyauta. 'Yan'uwansu Sentinel-1 suna aiki da rada, watau suna hango ruwa ko da hadari ya rufe sama, abin da ake bukata ke nan a watan Agusta da Satumba. Manhajar taswira ta QGIS ma kyauta ce. Idan mutum ya ɗora hoton kafin ambaliya a kan na bayanta, zai fitar da iyakar inda ruwa ya kai, ya auna faɗinsa. Hoto ɗaya ko biyu kowace kwamfuta za ta buɗe. Amma in za a jera hotunan shekara goma domin a gane inda kogi yake cin gaɓa, ko kuwa a ɗinke ɗaruruwan hotunan da ƙaramin jirgi marar matuƙi ya ɗauko su zama taswira guda, to ƙaramar na'ura sai ta kwana tana nishi, ƙarshenta ta sandare. A tuna kuma, tayar da irin wannan jirgi yana bukatar izinin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama da na ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro, balle a bakin iyaka.

Mai karatu zai ce ai yanzu ana iya tura aikin ta intanet manyan injuna na ƙasashen waje su yi. Gaskiya ne, ga wanda yake Birnin Kebbi ko Abuja. A ƙauyukan bakin iyaka layin waya yakan yi rauni, wani lokaci ma wayar mutum ta tsallaka ta kama layin Benin. Wanda zai yi aiki a can dole ya sauke hotunansa tun daga birni, ya tafi da ƙarfin lissafinsa a jaka. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta mallakar na'urar, kuma a ganina ita kaɗai ta isa.

Awo a wannan yanki ba sabon abu ba ne. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ita ce ta ajiye iyaka a kan Kwara mil goma sama da tashar jiragen ruwan Illo, aka kuma daidaita ta a 1906. Turawan da suka shata ta da kamfas suka yi. Jikokin mutanen da aka raba har yau suna noma da kiwo da auratayya a ɓangarorin biyu, saboda haka kuskuren mita ɗari a taswira yana iya zama rigimar gona.

Sai dai saye shi ne ƙaramin rabin maganar. Cajar kwamfutar ofis wat 45 zuwa 65 take ja. Ta manyan nan takan kai wat 230. Batirinsu kuwa ba ya kai wat-awa 100, domin a nan ƙa'idar shiga jirgin sama ta tsaya, kuma da zarar an cire waya daga bango na'urar takan rage gudu da kanta don ta tsimi wuta. A aiki mai nauyi da wuya batirin ya cika awa biyu. Wato dai tafi-da-gidanka ce a suna, amma ba ta nisa da soket. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, mai ita ya koma kan janareta, kuma mutanen iyaka sun san tsadar mai tun kafin cire tallafi a watan Mayun 2023, domin a Nuwamban 2019 Hukumar Kwastan ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ƙaramin janareta kuma wutarsa hawa da sauka take yi, abin da caja ta fi tsana. Lissafin sola ya fi daɗi: na'urar da take cin wat 150 na tsawon awa shida ta sha wat-awa 900, faifan sola mai wat 300 kuwa yana iya tara abin da ya fi haka a rana mai kyau, in an haɗa shi da batir da inbata. Ofishin da ya sa kuɗin kwamfuta a kasafi ya manta da wannan, ya sayi doki ne ba ciyawa.

Ga kuma zafi. Yawancin masu ƙera su suna ba da tabbacin aiki ne har zuwa digiri 35, alhali a watan Maris da Afrilu zafin Kebbi yakan haura 40. Idan ƙwaƙwalwar ta yi zafi sai ta sassauta don kada ta ƙone, aikin awa ɗaya ya koma biyu. Dabarar ita ce a bar aiki mai nauyi sai dare ko asuba, a ɗaga bayan na'urar iska ta shiga, kada a ɗora ta kan katifa ko darduma.

Ga ɗaliban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero da na Kwalejin Waziri Umaru, waɗanda iyayensu kan sayar da buhunan shinkafa su saya musu, shawarata a fili take. Mai karanta aikin mulki ko akanta ba ya bukatarta ko kaɗan. Mai karanta safiyo ko zanen gini ya duba ta hannu, irin wadda kamfanonin Turai da Amurka suka sallama, ake shigo da ita ta Ikko ko Kwatano, musamman tun da darajar Naira ta faɗi bayan Yunin 2023 sabuwa ta koma ta miliyoyi. Amma ya duba lafiyar batir, ya tabbatar cajar ta asali ce mai cikakken ƙarfi, domin da ƙaramar caja na'urar ba za ta saki gudunta ba. Ya kuma tabbatar ba a kulle ta da kalmar sirrin tsohon kamfaninta ba, ya karɓi rasit, saboda shingayen jami'ai a hanyar iyaka ba kaɗan ba ne.

Kwara a wannan yanki sau biyu yake cika: sau ɗaya da ruwan damanarmu, sa'an nan kuma wajen Disamba zuwa Janairu, lokacin da ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini ya gama ratsa fadamun Mali ya iso. Wannan cika ta biyu tana zuwa ne a tsakiyar hunturu, daidai lokacin da manoman rani suke son sanin inda za su dasa, kuma daidai lokacin da ƙura take toshe fankokin na'urar. Mai ita sai ya buɗe bayanta ya hure su kafin ya zauna aiki.