Sabuwar Beetle: tsohuwar siffa a kan ƙashin Golf

A shekarar 1993 kasuwar kamfanin Volkswagen na ƙasar Jamus ta yi sanyi ƙwarai a Amurka. Motocin da ya sayar a can cikin shekarar ba su kai 50,000 ba, alhali a 1970 ya sayar da fiye da rabin miliyan. Mafi yawan waɗancan ƙirar Beetle ne, wato ƙaramar motar nan mai doro kamar kunkuru, wadda injinta yake a baya. An san ta sosai a Nijeriya, domin an riƙa harhaɗa ta a Ikko daga 1975.

Ana cikin wannan hali ne masu zanen mota guda biyu, J Mays da Freeman Thomas, waɗanda ke aiki a ofishin kamfanin da ke Simi Valley a jihar Kalifoniya, suka kawo shawarar a dawo da siffar Beetle, tun da har a lokacin Amurkawa ba su manta da ita ba. Zanen nasu bai da wuyar ganewa. Idan aka dubi motar ta gefe, lanƙwasa uku za a gani: babba guda wadda ta zama rufi, da ƙanana biyu da suka lulluɓe tayar gaba da ta baya. Aka sa wa samfurin suna Concept One, aka nuna shi a bajekolin motoci na birnin Detroit a watan Janairu na 1994. Ganin yadda jama'a suka yi dafifi a kansa, shugabannin kamfanin suka amince a ƙera motar don sayarwa. Shugaban kamfanin a lokacin, Ferdinand Piëch, jika ne ga Ferdinand Porsche, wanda ya jagoranci ƙirar Beetle ta asali.

To, amma kamannin a waje kaɗai suka tsaya. Injin tsohuwar Beetle iska ke sanyaya shi, kuma tayoyin baya yake juyawa. Ita kuwa sabuwar an ɗora ta ne a kan ƙashin motar Golf: injinta a gaba yake, ruwa ke sanyaya shi, tayoyin gaba kuma ke jan motar. Wannan ya rage wa kamfanin kuɗin ƙira, sai dai ya zo da nasa cikas. Siffar da aka yi dominta tun farko ta mota ce mai inji a baya, don haka da aka tusa mata kayan Golf sai wuri ya ƙi rabuwa daidai. Gilashin gaba ya yi wa direba nisa, da wani faffaɗan fili a tsakaninsu wanda ba ya amfanin komai. Wanda ke zaune a gaba yana da sarari a bisa kansa har ya yi yawa, amma dogon mutum a kujerar baya sai ya sunkuya. Wurin kaya ma bai kai na Golf ba. Mai saye dai siffa ya biya wa kuɗi, kuma kamfanin ya san haka, shi ya sa har ɗan mazubin fure aka maƙala kusa da sitiyari, irin wanda masu tsohuwar Beetle kan sa.

An fara ƙera ta a ƙarshen 1997 a masana'antar Puebla ta ƙasar Meziko, ta shiga kasuwa a 1998. A 1999 kaɗai an sayar da fiye da 80,000 a Amurka. Wani abin ban sha'awa shi ne, a wannan masana'anta ba a daina ƙera tsohuwar ba sai ranar 30 ga Yuli, 2003, bayan an yi fiye da miliyan 21 a duniya. Ke nan uwa da ƴa sun shafe shekara biyar da ɗoriya suna fitowa daga gida ɗaya.

A 2003 aka fito da mai buɗaɗɗen rufi. Daga baya ciniki ya riƙa ja da baya, domin wanda ya sayi mota don marmarin siffarta da wuya ya sake sayen irinta. A 2011 aka maye gurbinta da wata ƙirar mai faɗi, wadda rufinta bai yi doro sosai ba. Ita ma an dakatar da ƙera ta a Puebla a watan Yuli na 2019.