Masu Karatun Digiri a Birtaniya: A Nemi Ƙarin Lokaci Tun da Sauran Rana

Ɗalibin da ya tafi Birtaniya neman digiri na biyu ko na uku yakan ɗauka wa'adi ɗaya ne a kansa, alhali kuwa uku ne, kuma ba su cika tare. Digiri na biyu galibi shekara ɗaya ne. Na uku kuwa, yawancin jami'o'i suna so a miƙa kundin bincike cikin shekara huɗu, amma sau da yawa kuɗin tallafi yakan yanke a shekara ta uku. Ga kuma biza, wadda ranar ƙarewarta ba ruwanta da babin da ɗalibi ya maƙale a kai. Ko jami'a ta ƙara masa wata shida, bizar ba ta ƙaruwa da kanta. Sai ya karɓi sabuwar takardar CAS, wato shaidar da jami'a ke bayarwa don neman biza, ya sake biyan kuɗin biza da harajin lafiya, wanda ya kai fam 776 a shekara tun Fabrairun 2024. Wanda kuɗinsa ke zuwa da naira ya san nauyin wannan tun faɗuwar darajarta a 2023.

Wani zai ce bincike ba a yi masa gaggawa, kuma malamin da ke duba aikinsa ya ce kada ya damu. Gaskiya ne gwaji kan ƙi, rashin lafiya ko rasuwa a gida kan tsayar da komai, kuma jami'o'i suna sauraren irin wannan uzuri. Sai dai maganar malami a bakin ofis ba ta ƙara ko kwana ɗaya. Kwamiti ne ke yanke hukunci, abin da yake dubawa kuma fom ne, da takardar likita mai kwanan wata, da jadawalin aikin da ya rage. Uzurin da aka kawo bayan wa'adi ya wuce, da wuya a saurare shi.

A kuma bambance ƙarin lokaci da dakatar da karatu. Dakatarwa tana tsayar da lissafin jami'a, shi ya sa take da jan hankali, amma idan ta haura kwana 60, galibi jami'a kan sanar da ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya, a gajarta bizar, ɗalibi ya koma gida.

Don haka duk mai ɗa ko ƙani a can ya tambaye shi ranakun nan uku yau. Idan ɗaya ta kusa alhali aiki da saura, ɗalibin ya je ofishin ɗaliban ƙasashen waje, ya nemi ƙarin a rubuce.