Karatun da Ke Komawa Wurin Malam

Layin dogon da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930 shi ne ya raya Malam Madori. Jirgin ƙasa bai shiga Haɗeja ba, ta nan ya ratsa, sai kamfanonin sayen gyaɗa suka kafa kanti da sikeli, gari ya cika da baƙi. A cikin baƙin har da malaman allo masu ci-rani da almajiransu a kan hanyarsu ta zuwa Gabas, daga baya kuma ga malaman boko da aka turo daga wasu garuruwa. Saboda haka kusan duk dattijon da ka zauna da shi a garin yana da malami biyu ko uku da yake ambata da addu'a. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, su ma malaman almajiransu sun sauya su, wani lokaci ma bayan an yi shekaru da rabuwa.

A tsangaya abin a fili yake, domin an yi masa wurin zama. Je ka wurin darasu da hantsi. Gardi ya rubuta allonsa da ka, ya kawo, an zauna a da'ira, ana karantawa ana bin kowane wasali da ɗauri. Alaramma na iya wuce wani wuri bai lura ba, sai ka ji murya daga gefe: "Allah gafarta Malam, a ɗan koma baya." Mai maganar kuwa yaro ne da Malam ɗin ya fara ɗora wa alƙalami a hannu yana kolo. Malam zai koma, ya duba, in gyaran daidai ne ya ce a goge a sake, karatu ya ci gaba. Babu wanda ya ji kunya, don Alƙur'ani ya fi ƙarfin girman kowa a wurin. Alaramman da tsofaffin gardawansa ke dawowa darasu haddarsa ba ta tsatsa, wanda kuwa aka watse aka bari, ko gwani ne, sai ya ninka tilawa kafin ya riƙe abinsa.

Babban gwaji ya zo ne bayan da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa a 1986. Samarin da suka yi sauka a tsangayu da ruwayar Warshu suka shiga Islamiyyu, suka koyi tajwidi da ruwayar Hafsu, suka dawo gida da wata irin ƙira'a. An sha rigima a kan wannan a ƙasar Hausa. Wasu yaran sun dawo da girman kai suna cewa karatun malamansu duk kuskure ne, wasu malaman kuma suka toshe kunne. Amma inda yaro ya zo da ladabi, ya durƙusa ya gaida Malam ya biya masa abin da ya samo, an ga dattawa masu furfura suna gyara mafitar harafi a bakin almajiransu. Su kuma samarin sai suka gano cewa sanin rasmu da ƙidayar kalmomi masu kama da juna da tsofaffin ke da shi ba a samunsa a kaset.

Wannan ba baƙon abu ba ne a tarihinmu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bai ɓoye cewa Malam Jibrilu ɗan Umaru ne ya buɗe masa ido a kan gyaran addini ba, duk da haka ya rubuta saɓaninsa da shi a kan kafirta mai aikata manyan zunubai, bai kuma daina girmama shi ba. Ƙanin Shehu, Abdullahi, littafi guda ya yi, Ida'un Nusukh, don lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu. An kuma ruwaito cewa Imamu Shafi'i yakan nemi ɗalibinsa Ahmad bin Hambal ya sanar da shi hadisin da ya inganta don ya yi aiki da shi.

A ɓangaren boko labarin ya ɗan bambanta. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kwashi samari masu takardar malanta, wasu ma ba su gama horo ba, ya watsa su ƙauyuka. Da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991 aka buƙaci ma'aikata a Dutse da ƙananan hukumomi, yaran da waɗannan malamai suka koya wa baƙi da wasali ne suka hau kujerun. Yau sai ka tarar sakataren ilimi tsohon ɗalibin hedimastan da ke ƙarƙashinsa ne. A ofis shi ne shugaba, amma in sun haɗu a masallaci shi ke rige durƙusawa, yana "Malam, ina gajiya?" Malamin da ya yi ritaya ya koma fadamar kogin Haɗeja noman shinkafar rani, malamin gonar da ke gaya masa irin da zai shuka da lokacin zuba taki ɗan ajinsa ne na da. Wanda ke gwada masa hawan jini a asibiti haka, wanda ke nuna masa yadda zai duba fanshonsa a waya haka. Kuma malami mai hankali yana karanta darasi a jikin waɗannan mutane. Yaron da ya taɓa kira daƙiƙi shi ne yanzu dillalin riɗi mai riƙe da gidaje goma, lissafin buhu da awo a kansa yake. Wanda ya ga haka tun yana bakin aiki, da wuya ya sake yanke wa yaro hukunci daga sakamakon zango ɗaya.

Sai dai gadon ba duka ne alheri ba, kuma ya kamata mu faɗa. Malamin da ke dukan yara kamar ya samu jaki, shi ma yawanci haka aka yi masa, ya ɗauka hakan ne karantarwa. Wanda ya rubuta wa ɗalibai amsa a allo ranar jarrabawa ya yaye malaman da ba su ga laifin yin haka ba. Hali ya fi darasi saurin kama yaro: an manta ƙa'idar lissafin, ba a manta malam yana zuwa aji a makare ba.

Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da suka yawaita a WhatsApp suna ƙoƙari. Suna gyara ajujuwa, suna kai wa tsohon malami buhun shinkafa da turmin shadda da azumi, suna biya masa kuɗin magani. Allah ya saka musu. Amma a ganina mun taƙaita zumuncin a kan ambulan da hoto. Tsangaya ta fi mu dabara a nan, domin almajiri karatu yake komawa da shi wurin malaminsa, ba goro kaɗai ba. Kuma har yanzu akwai waɗanda ake mantawa: malaman firamare, da yake ƙungiyoyin galibi na 'yan sakandare ne, da malamai mata waɗanda aure ya kai ɗalibansu Kano ko Gashuwa, zumuncin ya yanke.

Akwai abin da ba ya cin ko sisi. Ma'aikaciyar jinya da ta fito daga wata firamare a Malam Madori ta nemi izinin hedimasta, ta shiga aji shida na awa ɗaya, malamarta ta da tana zaune a gefe. Ta gaya wa yara yadda ta kai inda take, sannan ta keɓe da malamar ta faɗa mata gaskiya: wannan darasin ya amfane ni a makarantar jinya, wancan kuwa sai da na sake koyonsa daga farko. Malamai da yawa suna gama shekarun aikinsu babu wanda ya taɓa kawo musu irin wannan bayani, alhali da shi ne za su gyara wa 'yan ajin bana.