Littattafan Yara Masu Hotuna a Kan Jaruman Latino

Ya ku iyaye, abin da yaro ya gani a littafi yakan zauna a zuciyarsa har tsufa. A Amurka akwai miliyoyin mutane da ake kira Latino, wato waɗanda asalinsu daga Meziko ne, ko Puerto Riko, ko sauran ƙasashen Latin Amurka. Shekaru da yawa 'ya'yansu suna buɗe littattafai ba sa ganin mai kama da su. Yanzu marubuta da masu zane daga cikinsu sun tashi tsaye su gyara wannan.

Ɗaya daga cikin littattafan shi ne Harvesting Hope, wanda Kathleen Krull ta rubuta, Yuyi Morales kuma ta yi masa zane, a 2003. Labarin Cesar Chavez ne, wanda aka haifa a Arizona a 1927. Iyayensa sun rasa gonarsu, sai suka koma ƙwadago a gonakin Kalifoniya. A 1962 shi da Dolores Huerta suka kafa ƙungiyar 'yan ƙwadagon gona. A 1966 ya jagoranci masu tsinkar inabi suka taka a ƙafa daga Delano zuwa Sacramento, wajen mil 300, suka isa ranar Ista. Chavez ɗan Katolika ne, kuma a 1968 ya yi azumin kwana 25 domin mutanensa su nemi haƙƙinsu ba tare da tashin hankali ba.

Akwai kuma Viva Frida, na 2014, a kan Frida Kahlo, mai zane 'yar Meziko. Shan-inna ta kama ta tana ƙarama, haɗarin mota kuma ya kwantar da ita a 1925, amma daga kan gadon jinya ta soma zanen da duniya ta san ta da shi. Wani littafin, Separate Is Never Equal, yana ba da labarin Sylvia Mendez, yarinyar da aka hana ta shiga makarantar Turawa, iyayenta suka kai ƙara suka yi nasara a 1947.

Mu da muke karanta Littafi Mai Tsarki mun san Ubangiji yana jin kukan masu girbi da aka danne musu lada. Ku karanta wa yaranku Yaƙub 5:4, sa'an nan ku ba su labarin Chavez. Mu kuma tambayi kanmu yadda muke biyan waɗanda suke yi mana aiki a gona da a gida, gama yaranmu suna kallo.