Gargaɗi ga Makarantun Tawa da Arewacin Adar: Kwamfutocinku na Cikin Hatsari

Zuwa ga daraktocin makarantu, malamai, kwamitocin COGES, iyayen yara da magadan gari, daga birnin Tawa har Barmu, Afala, Takanamat, Kalfu, Tabalak da Abalak.

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina tura gyaran tsaro na yau da kullum ga Windows 10. Ƙarin wa'adin da ya bayar yana da sharuɗɗa, na ma'aikatu da makarantu kuwa sai an biya kuɗi. Windows 7 an yaye ta tun Janairun 2020. Injin da ke tafiya da ɗayansu zai ci gaba da kunnuwa kamar yadda ya saba, kuma nan hatsarin yake, domin babu alamar da za ta nuna cewa duk wata sabuwar ɓaraka da ɓarayin intanet suka gano za ta zauna a buɗe. A cikin injinan nan ake ajiye sunayen ɗalibai, makin jarrabawa da lissafin kuɗin makaranta. Ba sai an haɗa su da intanet cuta ke shiga ba: kilen USB ɗaya da ya bi ta shagon buga takardu ya isa. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, har asibitocin Ingila suka dinga mayar da marasa lafiya gida. Waɗanda ta fi kamawa su ne injinan da ba a yi musu gyaran tsaro ba.

Za a zo muku da shawara iri biyu, duka ku yi hattara. Wani zai ce ku zubar da tsofaffin ku sayi sababbi, tunda Windows 11 tana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 wanda yawancin tsofaffin injina ba su da shi. Makarantar da har yanzu wasu azuzuwanta na zana ne, ina za ta samo wannan kuɗi? Wani kuma zai ce ku ba shi jika biyu ko uku ya saka muku manhajar da aka fasa wa makulli. Wannan ta saɓa wa dokar haƙƙin mallaka, sau da yawa da cutarta take zuwa, sannan tana koya wa yaro cewa da kayan sata ake fara neman ilimi.

Mafita ita ce manhaja mai ƴanci. Richard Stallman ya kafa harsashinta a 1983 da shirin GNU, Linus Torvalds ya fito da Linux a 1991. Lasisinta ya ba kowa izini huɗu: ya yi aiki da ita yadda yake so, ya buɗe cikinta ya ga yadda aka gina ta har ya gyara, ya kwafa wa wani, ya kuma raba abin da ya gyara. Kile guda na Debian, Linux Mint ko Lubuntu zai iya zagaya makarantun gunduma ɗaya kaf ba tare da an karya doka ba. Emmabuntüs ma an shirya ta ne musamman don farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci. LibreOffice na yin rubutu da jadawalin maki, GCompris na koya wa ƙanana lissafi da karatu, Kiwix kuwa na ajiye Wikipedia a cikin inji, a karanta ko babu intanet. Ga ƙauyen da layin sadarwa ke zuwa yana ɗaukewa, wannan babban abu ne.

An gwada a wasu wurare kuma ta yi. Jihar Kerala ta Indiya ta mayar da makarantun gwamnatinta kan manhaja mai ƴanci tun shekarun 2000. Yankin Estremadura na Sifen ya ƙera tasa mai suna LinEx a 2002 saboda makarantunsa. Jandarmomin Faransa sun fara komawa Ubuntu a 2008. Mu kuma muna da wani dalili na musamman. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Wa zai fassara manhajar aji zuwa Hausa, Tamajak ko Fulatanci? In ta kamfani ce, sai ranar da kamfanin ya ga riba. In mai ƴanci ce, ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa na iya fara aikin gobe da safe, ba su nemi izinin kowa ba.

Gargaɗi na biyu ya shafi doka, kuma mutanen Adar sun riga sun ɗanɗana irinsa. Nijar na cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar kare haƙƙin mallakar fasaha ta OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda ke aiki da Yarjejeniyar Bangi ta 1977. Da aka yi wa yarjejeniyar kwaskwarima a 1999, an ƙara babin da ya ba da damar yi wa irin shuka rajistar mallaka, ya fara aiki a 2006. Ba a daɗe ba wani kamfanin iri da ke Senegal ya nemi takardar mallaka da sunan albasar Galmi, wadda manoman jihar nan suka gada kaka da kakanni. Sai da manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye kafin aka janye sunan. An sa hannu a can nesa, illar ta iso har garka.

Irin haka na iya faruwa da manhaja. A yanzu yarjejeniyar ba ta ɗauki manhajar kwamfuta a matsayin abin da ake ba wa takardar mallakar ƙirƙira ba. Haƙƙin mawallafi ne ke kare ta, kuma ya wadatar: yana hana a kwafi rubutunka, amma bai hana wani ya zauna ya rubuta nasa ba. Takardar mallakar ƙirƙira kuwa dabarar kanta take kullewa har shekara 20. Ko da matashi a Tawa ya gano hanyar da kansa, bai taɓa jin sunan mai takardar ba, ana iya maka shi a kotu. A Amurka an ba Amazon irin wannan takarda a 1999 kan saye da latsawa ɗaya, ba ta ƙare ba sai 2017. A Turai dokar 1973 ta cire manhaja daga cikin abin mallaka, duk da haka an bi ta wata ƴar kafa a lafazin dokar an ba da dubban takardu. Da aka so a halatta abin ƙarara, masu rubuta manhaja da ƙananan kamfanoni suka yi gangami, Majalisar Turai ta yi watsi da ƙudurin ranar 6 ga Yulin 2005 da ƙuri'a 648. Yarjejeniyar Bangi an sake taɓa ta a 2015 a Bamako, kuma babu abin da zai hana a sake. Malaman shari'a na jami'armu da ƙungiyoyin farar hula su sa ido kan kowace kwaskwarima, su nemi a bayyana daftarin ga jama'a kafin a sa hannu.

Ga abin da ya kamata kowace makaranta ta yi ba tare da jinkiri ba:

1. A ƙidaya injina, a rubuta manhajar da ke kan kowanne. Wanda ke da Windows 7 ko 10 marar gyara a cire shi daga intanet.
2. A kwafe duk takardun makaranta a wuri biyu kafin a taɓa komai, domin saka sabuwar manhaja na iya share abin da ke ciki.
3. A gwada Linux daga kile a inji ɗaya, a tabbatar na'urar buga takardu na aiki da ita, sannan a wuce ga sauran.
4. Kada a sa hannu kan kyautar kwamfuta sai an tambaya: lasisin na shekara nawa ne, wa zai biya bayan ya ƙare, ina za a ajiye bayanan yara? Ƴan uwanmu da ke bida a Abijan ko Libiya, masu aiko da inji don taimakon garinsu, su ma a sanar da su.
5. Kuɗin da za a kashe kan lasisi a kashe shi kan horar da malamai. Manhajar kyauta ce, koyonta na cin lokaci da guzuri. Wanda ya iya jadawali a LibreOffice ba zai ɓata a Excel ba in ya je neman aiki.

Duk wanda wannan gargaɗi ya iso gare shi ya kai shi zaman COGES na gaba, a karanta a gaban iyaye, a ɗora wa mutum ɗaya alhakin ƙidayar injinan, a kuma yanka masa ranar da zai kawo rahoto.